Kuɗin Binciken Ilmi Na Turai Da Sharuɗɗansa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan mai farin jini, in yi magana a kan wani al'amari da na ji malamanmu na jami'o'i suna yawan kuka da shi, amma ban ga wanda ya zauna ya warware wa jama'a shi da Hausa ba. Al'amarin kuwa shi ne sharuɗɗan da ake gindaya wa mai son shiga irin binciken ilmin nan da ƙasashe da yawa ke haɗa kai su yi, gwamnatoci na biya daga baitulmalinsu. Ni dai ba malami ba ne, akawu ne a ofishin da ke riƙe da takardun kuɗin bincike na wata makarantar ilmi mai zurfi a nan Arewa. Saboda haka abin da zan faɗa ta wajen takarda na gan shi, ba ta ɗakin gwaje-gwaje ba. Ra'ayina kuwa shi ne, yawancin rabon da ke kuɓuce mana a wannan sha'ani ba don ƙarancin ilmin malamanmu yake kuɓucewa ba, sai don ba a karanta sharaɗi tun kafin a sa hannu.

Zan ɗauki shiri guda ya zama misali, gama yana cikin mafi girma a duniya, shi ne kuma wanda takardunsa suka fi ratsa teburina. Sunansa Horizon Europe, na Tarayyar Turai ne. An fara shi a 2021, zai ƙare a 2027, kuɗin da aka ware masa kuwa ya kai wajen Yuro biliyan 95.5. Ba shi ne na fari ba. Tun 1984 Turawa ke yin irin wannan shiri, wani na ƙarewa wani na kamawa, wanda ya gabace shi shi ne Horizon 2020, daga 2014 zuwa 2020. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, wannan kuɗi harajin mutanen Turai ne: na manomin Faransa, da maƙerin Jamus, da mai kanti a Italiya. Hukumar da ke rabon kuɗin a birnin Brussels dole ta koma gaban majalisarsu ta faɗi inda kowane kwabo ya shiga. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin tsananin sharuɗɗan ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Sharaɗi na fari a yawancin ayyukan haɗin gwiwa shi ne, sai an sami ma'aikatu uku masu zaman kansu, kowace a ƙasarta dabam, ɗaya aƙalla a cikin Tarayyar Turai, sauran biyun ko a cikin Tarayyar ko a ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar shiga shirin suna zuba nasu kuɗi. In an cika ukun nan, sa'an nan na waje irinmu ya iya shiga ya zama na huɗu ko na goma. Watau jami'o'i uku na Nijeriya da Nijar da Gana, kome ƙwarewarsu, ba su isa su nemi kuɗin su kaɗai ba. Amma akwai wani sauƙi da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici an jera su a wata takarda, an ce duk ma'aikatar da ke cikinsu in ta shiga za a biya ta kamar yadda ake biyan ta Turai. Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk suna ciki. Indiya da Sin da Barazil kuwa ba su ciki, in suna son shiga, bisa ga al'ada da guzurinsu za su zo.

Maganar ƙasashe masu yarjejeniya ba zan daɗe a kanta ba. Ingila da ta fita daga Tarayyar a 2020 sai da aka sha ja-in-ja kafin ta komo cikin shirin a farkon 2024, malamanta suna ta kuka a tsakani. Tunisiya tana cikin masu yarjejeniya daga nan Afirka. Ma'aikatun gwamnatin Rasha kuwa an rufe musu ƙofa a 2022 saboda yaƙin Yukiren. Ilmi dai an ce ba shi da iyakar ƙasa, amma kuɗin ilmi da fasfo yake tafiya.

To, a ce an gayyaci jami'arku. Kafin sunanta ya hau takardar nema, sai ta yi rajista a intanet an ba ta wata lamba mai alƙaluma 9, wadda za ta zama shaidarta a kowane aiki. Samun lambar ba wuya. Wuyar tana zuwa ranar da aka ci nasara, gama a lokacin ne za a ce a kawo dokar da ta kafa makarantar da sauran takardun da ke nuna ita halattacciya ce, kuma shugabanta ya naɗa mutum guda da zai zama wakilinta wajen hukumar, wanda shi ne ke ba sauran ma'aikata izinin sa hannu a yarjejeniya da takardun kuɗi. Ƙa'idar lokaci kuwa wata 8 ce daga rufe karɓar takardu zuwa sa hannu: wata 5 na dubawa, wata 3 na shirya yarjejeniya. Wata 3 a wajen Bature lokaci ne mai yawa. A wajenmu fayil ya iya cinye su tsakanin teburin magatakarda da na ma'aji. Na san wata makaranta da wakilinta ya yi ritaya ya koma garinsu, ba wanda ya tuna a naɗa wani, sai da aka zo sa hannu aka shiga neman dattijo a waya, abokan aiki na ƙasashe 6 suna jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu duba takardun nema ƙwararru ne da ake ɗaukowa daga waje, ba ma'aikatan hukumar ba. Abu 3 suke aunawa: nagartar ilmin, da amfanin da zai haifar, da kuma kyawun tsarin aikin tare da cancantar waɗanda za su yi shi. Kowane ɗaya maki 5 ne. Wanda ya kasa samun 3 a ɗaya daga ciki ya faɗi, wanda jimlarsa ba ta kai 10 ba shi ma ya faɗi. Wanda ya haye kuma ba lalle ya sami kuɗi ba, gama jera su ake yi daga na sama, a yi ta biya har inda kuɗin ya tsaya. Ina roƙon malamai su dubi abu na ukun nan da kyau. A nan ne ake tambaya ko makarantarku ta iya riƙe abin da za a ɗora mata, wannan kuwa ba aikin farfesa kaɗai ba ne.

Yanzu na zo inda na fi so a saurare ni, watau yadda ake biyan kuɗin. Mutanenmu da yawa sun ɗauka kyauta ce ake miƙowa a ce je ka yi bincike. Ba haka ba ne. A yawancin ayyukan, abin da ka kashe da gaske shi ake mayar maka, muddin ka nuna shaidarsa, ko da yake ana ba da wani kaso tun farko don a kama aiki. A aikin bincike tsantsa ana biyan kashi 100 bisa 100. A aikin da ya kusa kai kaya kasuwa kashi 70 ne, sai fa ma'aikatar da ba ta neman riba, irin jami'a, ita ana cika mata. Ladan ma'aikaci kuwa ga yadda ake fitar da shi: a ɗauki abin da makaranta ke kashewa a kansa a shekara, a raba gida 215, abin da ya fito shi ne kuɗin yininsa, sa'an nan a riɓa da yawan kwanakin da ya yi wa aikin. Ba a yarda mutum ɗaya ya wuce kwana 215 a shekara ba, ko ayyukan Tarayyar nawa yake ciki. Kowane wata kuma sai ya sa hannu a takardar da ke nuna kwanakin da ya yi, na gaba da shi ya sa nasa.

Bari in buga misali, lambobin ni na zaɓe su don su rabu daidai, ba albashin kowa ba ne. A ce malami a Turai ana kashe Yuro 86,000 a kansa a shekara, kuɗin yininsa ya zama 400. A ce namu malamin, in an juya albashinsa, ya kama Yuro 4,300, kuɗin yininsa ya zama 20. Su biyun kowa ya yi kwana 100 a aiki guda, rana guda ta doke su a gona guda. Makarantar wancan ta karɓi 40,000, tamu ta karɓi 2,000. Ba a nan abin ya tsaya ba. Akwai kashi 25 bisa 100 da ake ƙarawa a kan kuɗin aiki domin hidimomin da ba a iya ƙirgawa ɗaya ɗaya, kamar wuta da ruwa da ofis da mu akawuna. A kan wannan lada, wancan ya sami ƙarin 10,000, mu 500. Alhali shi wutarsa ba ta ɗaukewa, mu kuwa firjin da ke riƙe da jinin gwaji sai da janareta, dizal kuma ba ya sauko da farashinsa don albashin malami ƙarami ne. Doka ɗaya ce ga kowa, ba wanda aka zalunta a rubuce, amma mudu ɗaya ya auna wa wani tsaba ya auna wa wani dusa.

Maganin wannan, gwargwadon abin da na gani, yana wajen rubuta kasafi tun farko. Abin da aikin ke bukata a fili, kamar kayan gwaji, da tafiye-tafiye, da sababbin ma'aikatan da za a ɗauka dominsa, da horar da ɗalibai, in an rubuta shi a kasafi da hujjarsa ana biya. Amma wa zai rubuta in ba a zauna da mu ba? Sau da yawa wasiƙar gayyata takan iso ana saura mako guda a rufe, an riga an raba aiki an raba kuɗi, abin da ake nema wajenmu lamba ce da sa hannu. Na ga malami ya karɓi irin wannan da murna, bai ko biyo ta ofishinmu ba, sai da aiki ya kankama ya tarar an rubuta masa zagayen ƙauyuka masu yawa ba a sa kuɗin mota ba. Haka kuma sha'anin na'ura. Bisa ga asalin ƙa'ida ba a biyan kuɗin sayenta duka, sai gwargwadon tsufan da ta yi a cikin aikin. Na'urar da littafin makaranta ya ce shekara 5 za ta yi, in aikin na shekara 3 ne, kuma rabin lokacinta kaɗai take yi masa, kashi 30 bisa 100 za a biya. Sauran 70 daga ina? Tambayar da ya kamata ma'aji ya ji ke nan kafin a yi odar kaya, ba bayan sun iso tashar Ikko ba.

Ga kuma sha'anin canji. Mu da Naira muke kashewa, rahoto kuwa da Yuro ake kai shi, ana juyawa bisa matsakaicin farashin canji na tsawon lokacin da rahoton ya ƙunsa. Da aka saki Naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, albashin da aka kasafta da Yuro ya ƙanƙance a takarda, kayan gwajin da ake sayowa daga waje kuwa suka yi tsalle. Kuɗin da ba ka nuna ka kashe ba, ba naka ba ne, ko yana kwance a asusunka.

Bayan aiki ya ƙare ma ba a huta ba. Wanda ya karɓi Yuro 430,000 ko fiye sai ya kawo shaidar odita mai zaman kansa. Hukumar kuma tana da ikon aiko nata masu bincike har shekara 2 bayan biya na ƙarshe, takardu kuwa sai a adana su shekara 5. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In suka tarar da kwanakin da ba takardar sa hannu, ko kwangilar da aka ba ɗan'uwa ba tare da an gwada farashin wasu ba, sai su soke, a ce a mayar da kuɗi, makaranta ce kuwa za ta biya, ba malamin ba. Mu da muka yi makarantar mishan an hore mu a kan cewa rasit da kwanan wata ba abin wasa ba ne, har muna ganin malamanmu sun cika tsanani. Ashe da ranarsa. A 'yan shekarun nan hukumar ta yawaita wata hanya ta biyan kuɗi a dunƙule, inda ake amincewa da kasafi tun farko, a biya in an gama kowane kashi na aiki, ba a bin rasit ɗaya ɗaya. Sauƙi ne ga akawu, amma ya ƙara wa kasafin farko nauyi, gama abin da ba ka nema ba a ranar, ya wuce ke nan.

Akwai wata takarda da ta fi duk waɗannan muhimmanci a ganina, ita ce kuwa aka fi sa wa hannu ido rufe. Ban da yarjejeniyar da ake yi da hukumar, abokan aiki sukan ƙulla tasu a tsakaninsu. A cikinta ake faɗin yadda jagoran aiki zai raba kuɗi, da yadda ake yanke shawara, da abin da kowa ya zo da shi tun kafin a fara, da wanda zai mallaki abin da aka gano. Asalin doka shi ne, wanda ya samar da sakamako shi ke da shi, in kuwa an haɗu an samar ta yadda ba ya rabuwa, mallakar ta zama ta tarayya. To, wanda aikinsa duka shi ne ya ɗebo jini, ko ƙasa, ko irin gero da wake na manoma, ya sa a kwali ya aika, a can a auna a can a rubuta, me ya samar? Ya zama ɗan dako a binciken da ake yi a gidansa. Ba dokar Turai ce ta ce a yi haka ba, rabon aikin da muka yarda da shi ne. Jami'o'in Turai lauyoyinsu kan yi makonni suna tankaɗe wannan takarda. A nan na ga an kawo ta da hantsi an sa hannu kafin azahar. Ga kuma yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, da ta ce ba a ɗaukar irin tsiro ko na dabba daga wata ƙasa sai da izininta, da kuma sharaɗin raba amfanin da zai fito. Wannan garkuwa ce aka miƙo mana, saura mu ɗaga ta.

Wanda ke ganin sharuɗɗan kare mutanen da ake gwaji a kansu ɓata lokaci ne, ya tuna da Kano a 1996. A shekarar nan annobar sanƙarau ta yi ɓarna ƙwarai, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a cikin yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani magani da aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musa, ya ce cutar ce ta kashe su. Aka yi ta shari'a har 2009, da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan Dala miliyan 75. Wancan kuɗin kamfani ne, ba na baitulmali ba, amma tabon da ya bari bai tambayi mai kuɗi ba, har ya shiga cikin abin da mutane ke ambata sa'ad da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Dokar shirin Turai ta ce binciken da ba za a yarda a yi shi a ƙasar Tarayyar ba, ba za a biya a yi shi a wata ƙasa ba, kuma sai an sami izinin kwamitin ɗa'a na ƙasar da ake aikin, sai kuma mutum ya yarda bayan an yi masa bayanin da ya fahimta. Ni kam ban ga abin kuka a nan ba. Abin da nake kuka da shi shi ne takardar neman yarda da ake fassarawa da wata irin Hausa wadda ko ni akawu sai na karanta sau 3, balle tsohuwa a ƙauye da za ta dangwala yatsa.

Kada a ce na wanke Turawa sarai. Akwai wani shiri na gwajin magunguna na haɗin gwiwar Turai da ƙasashen Afirka, ana ce da shi EDCTP, an kafa shi a 2003 domin yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Ya horar da malamanmu da dama. Amma da aka shiga zangonsa na uku a ƙarƙashin dokar 2021, sai ga sharaɗi cewa ma'aikatar ƙasar waje ba ta riƙe jakar kuɗin aiki sai ƙasarta na da yarjejeniyar kimiyya da Tarayyar, a lokacin kuwa Afirka ta Kudu kaɗai ke da ita a kudu da Sahara. Da aka yi ƙorafi sai aka fito da muƙamin jagoran ilmi, a ba ɗan Afirka, jaka kuwa tana hannun wani. Cuta a gidanmu, marasa lafiya namu, shugabanci rabi. Wannan ba aikin akawu ba ne, ba kuma na malami ba, aikin gwamnatocinmu ne su je su ƙulla yarjejeniyar, su kuma zuba nasu kuɗi, gama mai zuba kuɗi shi ake saurara in ana rubuta doka.

Rubutun dokar kuwa an riga an fara shi. A Yulin 2025 hukumar ta Brussels ta gabatar da shawarar shiri na gaba, daga 2028 zuwa 2034, ta nemi a ware masa Yuro biliyan 175, magana ta koma hannun majalisarsu da gwamnatocinsu. Ina roƙon shugabannin jami'o'inmu, tun kafin ya kama, kowa ya tambayi ofishinsa abu 3: wane ne wakilin makaranta a wajen hukumar, yana nan ko ya tafi, wa ke karanta yarjejeniya kafin a sa hannu, ina kuma ake ajiye takardun kwanakin aiki. In kuma akwai wani akawu ko ma'aji a Nijar ko Kamaru da ke fama da irin waɗannan takardu da Faransanci, ina so ya rubuto wa jaridar nan yadda suke yi da kashi 25 ɗin nan, ko yana isarsu sayen dizal.

 

Naka,
Wani Akawu.